Jar Ɗiya Sunka Zo Ɗauka

Matan zauren ga, ina gaisuwa. Ajuma ce ta Dogon Dutsi. Ni ban iya rubutu ba, ko sunana anka rubuta sai in ɗauka sawun kaji ne. Magana nike zubawa cikin waya, mai zaure ta juya maku ita a rubuce, in kun ji gishiri ya yi yawa to nata ne. Na ji kowa labarin soyayya take kawowa, wance ta ga wane zuciya ta buga. Ni ma da nawa, sai dai ba ni ake so ba. Haƙoran da zan yi murmushi da su sun riga ni lahira.

Autata Lantana ake so. Bazawara ce, ɗiyarta guda, Mubarika, bana tac cika shekara bakwai. Nan wajenmu kuwa in ɗa ya kai bakwai, ko uwa ta tashi aure, dangin uba na da ikon zuwa su ɗauki abinsu. Mu kuwa, abubuwan biyu sunka haɗe muna a shekara guda.

Uban yarinyar, Hashim, Bahillace ne na wata ruga gabas da Dogon Kiriya. Bai yi ma Lantana komi ba, in faɗi gaskiya. Ɗiyansu biyu sunka rasu da emasi, ciwon jinin nan na gado da mutanen Najeriya ke ce ma sikila. Ta uku taz zo da shi, sai kowa yag gaji da kallon kowa, anka rabu. Shi yab bi shanu kudu, Lantana tad dawo mani da goyo. Rabon mutanen ruga da ganin yarinyar tun tana tatata.

Lokacin ja ce jawur, irin jan Hillani, in ta yi kuka har kunnuwanta su ɗauka. Tana shekara huɗu ciwon yat taɓa mata kai, gehen hagu yas shanye, har yau tana ɗan jan ƙafa. Tun ranar lokotoro, wato likita, yac ce sai ƙarin jini kusan kowane wata, in ba haka ba abin shi dawo, na biyun kuwa ba shi barin mutum yadda yat tarar da shi. Sai mu tahi gidan likita, a rataya leda, ta kwanta tana kallon ɗigo.

Jinin yat tsayar da ita bisa ƙafafunta. Amma a hankali yarinya tay yi ta duhu. Ba baƙi irin nawa ba, mai sheƙi in ya ji mai. Wani baƙi ne mai toka-toka, kamar gindin tukunyar da anka wanke bai hita ba. Nic ce ma lokotoro, "Jinin wa kuke ɗura ma ɗiyar ga, na mai gawayi?" Yay yi dariya, sannan yab bar dariyar. Yac ce kowace ledar jini da ƙarhe cikinta, irin wanda jiki ke so kaɗan. Jiki kuwa ya san ƙofar shigar ƙarhe, bai san ta hita ba. Sai shi taru a hanta, a zuciya, a fata. Na fatar ma shi ne mai sauƙi, don shi ake gani, da baƙa ce tun asali da ba mu lura da wuri ba. Akwai maganin da ke jawo shi waje, amma sai Yamai, babban birni. Kuma kada a kuskura a ba ta siron ƙarin jini na kasuwa, na sha ɗin nan na kwalba, ko wani abin da anka ce da ƙarhe ciki.

A bar jini ta shanye, a ƙara jini ta yi tsatsa. Haka muke.

Ana nan sai ga Kamaluddeen, mai butik, wato shagon kayan waya, bakin gudron, hanyar kwalta. Ɗan sunna ne, wando a ɗage, gemu bai gama shawarar hitowa ba. Ranar da yaz zo gaishe ni bai durƙusa ba, wai babu kyau, amma yas sunkuyar da kai har nij ji tausayin wuyanshi. Toshin farko kun san mi yak kawo? Katon guda na siron ƙarin jini, wai ya ji yarinya ba ta da jini. Nic ce, "Malam, uwar kaz zo aure ko ɗiyar kaz zo kashewa?" Nit tura shi wajen lokotoro shi ji da kunnenshi. Yad dawo huska ta sauya. Tun daga nan duk zuwanshi Yamai sayen kaya sai ya zo da maganin hidda ƙarhen, shi aje a zaure cikin baƙar leda, bai taɓa cewa ga shi ba.

Wokal ɗinshi, saƙon muryar da shike turo ma Lantana a waya, kullum iri guda ne. "Assalamu alaikum warahmatullah. Ya Mubarika tak kwana? Ta sha magani? Ke kuma... to, shi ke nan." Wannan "ke kuma" Lantana ke maidawa baya tana saurare tana tsinke zogale. Ni dai ina kallon awakina.

Ɗana Nafi'u, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar ubansu. Shi kullum maganarshi zaman bazawara a gida ba mutunci ba ne. Shi yak karɓi goro, shi yas sa rana bayan salla, kuma shi ya aika ruga da labari, wai kada a ce mun yi ɓoyo. Allah shi ba mu masu gaskiya, amma ba cikin gida guda da yawa ba.

Nig gaya ma Kamaluddeen abin da nike tsoro. Yac ce, "Inna, a littahi in uwa ta yi aure, riƙon ɗiya na kakar wajen uwa ne."

Nic ce, "Malam, littahin nan ya taɓa zuwa Dogon Kiriya?"

Ranar kasuwa da hantsi sai ga sallama. Goggo Nana ce, uwar Hashim, doguwa siririya, baƙin saƙi a ɗaure, murjani har ƙirji, ƙwaryar nono bisa kai ko dafawa babu. Ku da ba na nan ba, mu Arawa da Hillani taubasai ne. Mu zagi juna yadda munka ga dama, ba mai hushi, wanda yay yi hushi shi ne yaf faɗi.

"Ina kuyangata? Ba ki ga uwargijiyarki ta iso ba?"

"Wa nike ji kamar warin nono? Shigo, baiwa, amma kakkaɓe kaska a waje."

"Har yanzu kina nan? Na ɗauka iskokin gidanku sun gaji sun ɗauke ki."

"Sun zo, sunka ce Bahillata suke so, ta hi sauƙin ɗauka."

Niy yi mata shimhiɗa gindin darbejiya. Lantana taz zo da shuɗiyar atamfa da mayahi har goshi, tad durƙusa nesa tag gaishe ta, tak koma madafa. Goggo tak kwance bakin zanenta tah hiddo 'yan kunnen azurfa, irin masu lilo. Tac ce na kakarta ne, jar fata kaɗai suke ma kyau, ta aje su tun ranar suna.

Sai ga Mubarika an taso daga lakwal, makarantar boko, 'yar jakka a wuya, tana jan ƙafarta. Tad durƙusa. "Ina wuni, Goggo."

"Lahiya lau, ɗiyar maƙwabta. Maza kira mani Mubarika."

Mubarika tad dube ni.

"Ni ce, Goggo."

Goggo tak kwashe da dariya. "Ajuma, wasan naki har ya kai nan? Kin ɓoye mani jikata kin aro 'yar maƙera?"

Taj jawo yarinyar, tak kama haɓarta taj juya ta wajen rana. Tal lashi babban yatsa tag goga mata a kunci, tad dubi yatsan. Tas sake gogawa. Sannan tas sake ta.

"Mu a ruga mun san maraƙi," tac ce, tana murmushi. "Kowane jariri ja ake haihuwarshi. Sai ya kwana biyu duniya, bijimin da yah hau uwarshi ke hitowa a fata."

Da murmushi taf faɗe ta, kun gane, don haka wasa ne, ba mai ikon hushi. Amma idanunta ba su zo wasan ba.

'Yan'uwa, nan nig ga ƙofa. In na ce ƙarhe ne, in na yi mata bayanin lokotoro, to ɗiyarsu ce, yau za ta kwana ruga, inda gidan likita mai jini sai an wuni bisa hanya, in akwai hanyar. In na yi shiru, su da kansu za su bar mani ita. Ban yi dogon tunani ba. Tsohuwa ba ta da lokacin dogon tunani.

Nic ce, "Ke da kinka san shanu, ai ba ni zan koya maki ba."

Nij ji ludayi ya faɗi a madafa.

Goggo tan naɗe 'yan kunnen tam maida bakin zane. Tac ce ƙanen mijinta Modibbo na kasuwa wajen tumaki. Bayan la'asar za su dawo tare, in ɗiya ba tasu ba ce su faɗa gaban shaidu, su janye sunansu da saniyar da anka ba ta ranar suna. Tat tahi, ko nonon ba ta juye ba.

Lantana tah hito hannu duk garin kuka.

"Inna, kin san abin da kinka ce?"

"Ban ce komi ba."

"Shi ne abin da kinka ce!"

"Shegiya mai numfashi ko 'yar halak a ƙarƙashin ƙasa. Zaɓi guda, ni na zaɓa."

"Ni fa, Inna? Ni da ko idon namiji ban taɓa kallo ba a gidan mutanen nan?"

"Ke kin girma. Kya ɗauka."

Katangarmu gajera ce, maƙwabciyarmu kuwa kunnenta dogo. Kahin azahar magana ta kai bakin gudron. Nafi'u yas shigo shina huci, wai a gidan ubanshi za a kira ƙanwarshi mazinaciya uwarta na zaune tana jin daɗin inuwa. Nic ce inuwar ma shi ya aika anka kawo muna ita, shi zauna mu sha tare. Yah hita yab buga ƙyaure.

Sai waya tay yi ƙara. Kamaluddeen. Wannan karon ko doguwar sallamar bai ƙarasa ba. "Lantana, magana ta kai ma Hajiyarmu. Ni na san gaskiya, da kunnena nij ji ta bakin lokotoro. Bayan la'asar zan zo in yi masu bayani."

Nik karɓi wayar, nic ce ta danna mani wurin magana. "Malam, Ajuma ce. In kana son ta, kama bakinka. In ka wanke ta, ɗiyarta za su ɗauka."

Can sai wayar tas sake ƙara.

"Inna, ƙazahi ne. Ba ni iya shiru bisa ƙazahi. Kuma in na yi shiru Hajiya ba za ta bari a ɗaura ba, na san ta."

Kahin in buɗe baki wani wokal ɗin ya shigo. Muryar ta yi ƙasa, kamar ya shiga bayan kanta. "Amma in Lantana tac ce in yi shiru, zan yi. Allah shi yahe mani."

Lantana ta aza wayar a ƙirji taz zauna bisa turmi. Ni na yi aure sau biyu, 'yan'uwa, ba wanda yat taɓa ɗaukar zunubi saboda ni, ko na cin goro da azumi. Taɗ ɗauki magana tag goge, taɗ ɗauka tag goge. Daga ƙarshe tac ce, "Ka yi shiru." Kalma uku, tat tura, tak kihe wayar.

Nic ce a raina an gama. Har nij ji yunwa.

Sai nil lura ruwa na bin rariya daga makewayi, ruwa mai kumfa, ba ya tsayawa. Duk rigimar nan ba wanda yat tambaya ina Mubarika. Ai yaro ba ya jin maganar manya, haka muke cewa, mu da munka ji komi muna yara.

Nit tura zanar. Tana zaune bisa dutsen wanka tsirara, ta tara toka da garin sabulu, ga dutsena na goge kaushi a hannunta mai lahiya. Hannun hagun, wanda ba shi jin zahi sosai, ta goge shi tun daga gwiwa har wuyan hannu. Fata ta saɓule.

Taɗ ɗago mani shi tana murna. "Iya, dubi, ta ciki ja ce! Saura kaɗan. In na gama Goggo za ta gane ni?"

Nik karɓe dutsen daga hannunta.

Lantana tab bi ta gehena taɗ ɗauke ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Taw wanke wurin, tas sa magani, tan naɗe da farin ƙyalle, tas sa mata rigarta ta salla mai ruwan hoda. Nic ce, "Lantana, mun riga mun..." Tac ce, "Inna, ke kin zaɓa. Saura ni."

Bayan la'asar sunka zo. Nafi'u yay yi ma Modibbo shimhiɗa bakin zaure, dattijo mai malfa da sanda, magana kamar ba ya son ta ƙare. Na gyara murya ke nan Lantana tar riga ni. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido gaban surukai ba, tat tsaya tsakar gida da waya a hannu.

"Baffa, Goggo, ku gafarce ni. Ku dubi nan."

Hotuna tab buɗe masu. Ga Mubarika ja a goye. Ga ta kwance ranar ledar farko, ja. Ga ta sallar da tab biyo, ta fara disashewa. Tana turawa da yatsa yarinya na duhu gabansu kamar yamma na yi. Tan nuna masu tabon allurai a hannu, tam maida masu maganar lokotoro tas, ƙarhe da hanta da zuciya, ba ta ci ko ɗaya ba.

Modibbo yad daɗe shina kallon hoton ƙarshe, yad dubi yarinyar. "Wannan goshin namu ne," yac ce. "Fata ce tar ruɗe mu."

Goggo tan nuna farin ƙyallen. "Nan fa?"

Mubarika da kanta tab ba ta amsa. "Wankewa nike, don ki gane ni."

Ban taɓa ganin Bahillata ta yi kuka gaban mutane ba sai ranar. Tar rungume ta, tana magana da Hillanci, tak kwance bakin zane tas sa mata 'yan kunnen da hannunta. Taj juya wajen Lantana tac ce ta yahe mata, bakinta ya yi kuskure. Ba muguwa ba ce, ku ji ni da kyau. Da muguwa ce da na san yadda zan yi da ita.

Sannan tas share ido tac ce, "Ashe jinin baƙi kunka yi ta ɗura mata har tar rine. To ya isa. A haɗa mata kaya, motar kasuwa ba ta jira. Nono da iskar daji za su wanke ta. In jini ya yi ƙasa akwai maƙerinmu, ruwan da shike kashe ƙarhe ciki shi muke ba masu jego, kwana kaɗan su miƙe."

Lantana taz zube gabanta. "Goggo, ƙarhen ne ke kashe ta! Na fasa auren. Wallahi na fasa. Ku bar mani ita."

Modibbo yac ce a hankali, "Aure naki ne, ɗiyata, ki yi ko ki bari. Shekara bakwai ɗin fa, ita ma kin fasa ta?"

Nid dubi Nafi'u. Shina kallon tabarma. An wanke ƙanwarshi, shi buƙatarshi ta biya.

Mubarika kuwa tana girgiza kai 'yan kunne na lilo. "Iya, ta gane ni! Iya, kin gani?" Tar ruga ɗaki tana jan ƙafa, ita da kanta take tura kayanta cikin jakkar lakwal.

Nis shiga nawa ɗakin. Zane biyu, tasbaha, 'yar wayata mai maɓalli, sauran maganin Yamai niɗ ɗaure a ƙugu. A tasha na tarar sun samu wuri bayan motar kat-kat, bisa buhunan gero, tsakanin tumakin da ba su sayu ba.

"Matsa, baiwa."

"Ina za ki, Ajuma?"

"Gidan bayina, in ga abin da kuke ɓoye mani. Ko Hillani sun fara korar taubashi?"

Ba ta da ikon kora ta, ta sani, na sani. Tam matsa.

To ga ni. Daga bisa wani tudu nike maku maganar ga, nan kaɗai rezo, layin waya, ke kamawa, shi ma sai na ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Lantana na can da ɗaki wayam. Sunanta ya wanku, Hajiyar Kamaluddeen har turare ta aiko, ba abin da yah hana aure yanzu. Shi kuma kullum shina tura wokal, an ce har yau ba ta buɗe ko guda ba. Ni yak kira shekaranjiya, "Inna, ki ce in zo in zo." Da mi za ka zo, Malam? Ruwa ya sauka, ƙorama ta cinye hanya, ko amalanke sai an sauke kaya an tura. In ka iso ma, ɗiyar mutane za ka sata, da gemunka?

Wata ya kusa mutuwa, randebun jini, ranar da lokotoro yas sa muna, na farkon sabo. Kowace sahiya sai in buɗe tahin hannunta in duba, in ja fatar idonta. Fari ke ƙaruwa. Ita ko tana can cikin maruƙa da 'yan kunnenta, ban taɓa ganin ta da murna haka ba.

Yau da sahe Goggo ma tad duba. Tac ce jini ya yi ƙasa. Sai ga ta da 'yar ƙwarya, baƙin ruwa ciki, tsatsa na yawo bisa. Tak kira Mubarika.

Nic ce, "Tun yaushe baiwa ke ba da abu uwargijiya ba ta ɗanɗana ba?" Nif fizge ƙwaryar nik kafa kai. Kamar mutum shi tsotsi ƙusa. Ban sauke ba sai da nig ga gindinta.

Goggo tay yi dariya har da riƙe ciki. Tak kira matan ruga su zo su ga kwaɗayin Arawa, ko ruwan maƙera ba su bari. Ni ma niy yi dariyar, da baƙin baki.

Da tag gama tas share hawaye tac ce kada in damu, ita ba ta rowa. Gobe ƙwarya biyu za ta aika a ɗebo, guda tawa, guda ta yarinya.